Ciwon Nan Ina Ya Kai?

Idan sakamakon ɗakin gwaji ya fito, aka tabbatar ƙullutun da ke nonon mace sankara ce, dangi kan fara da tambayar magani. Za a yi aiki? Za a cire nonon? Nawa za a kashe? Likitan tiyatar da ya san aikinsa ba ya gaggawar amsa ko ɗaya a ranar, domin akwai tambayar da ta riga su, kuma a kanta duk sauran suke rataye: ciwon nan ina ya kai? Yana nan a cikin nonon, ko ya gangara hammata, ko kuwa ya bi jini ya sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta? Masu amsa wannan tambaya su ne likitocin hoto da ma'aikatan da ke ɗaukar musu hoton. Yawancin majinyata ba sa sanin ko sunan wanda ya karanta hotonsu. Takarda ake miƙo musu a ambulan su kai wa likitan da ya turo su. Amma cikin duk masu hannu a jinyar, da wuya a sami wanda maganarsa ke juya akalar magani kamar mutumin nan da ke zaune gaban allo a ɗaki mai ƙarancin haske, yana auna fari da baƙi da milimita.

Ma'aunin da suke aiki da shi ya samo asali daga wani likitan tiyata Bafaranshe, Pierre Denoix, wanda ya tsara shi tsakanin 1943 da 1952. Kafin nan kowane babban asibiti da irin nasa lissafin, har ya zama ciwon da likitan wani gari ya ce ya yi nisa, na wani garin bai ɗauke shi haka ba. Denoix ya kasa tambayar gida uku, kowane kaso da harafinsa. T shi ne girman ƙullutun da abin da ya kama a kusa da shi. N ita ce kaluluwar hammata da ta kewayen ƙirji, ko ciwon ya shige ta. M kuma, ko ya tsallaka wata gaɓa mai nisa. Daga haɗuwar ukun nan ake fitar da matakin ciwon, daga sifili zuwa huɗu. Iyakokin kuwa a yanke suke. Ƙullutun da bai wuce santimita 2 ba T1 ne, daga nan zuwa santimita 5 T2 ne, abin da ya haura 5 kuma T3. Idan ya kama haƙarƙari, ko ya fasa fata ya zama gyambo, ko fatar ta kumbura ta yi ramuka-ramuka irin na ɓawon lemo, to T4 ne, komai ƙanƙantarsa.

Wannan lissafi ba a takarda yake tsayawa ba. Akwai nau'o'in sankarar mama masu saurin yaɗuwa, waɗanda in ƙullutun ya wuce santimita 2 ko ya shiga hammata, ƙa'ida ita ce a fara da kemo, wato maganin da ke bin jini, kafin wuƙa. In bai kai haka ba, sau da yawa da tiyata ake farawa. Ke nan ƙullutun da wani ya auna milimita 18, wani kuma ya auna 23, ya buɗe wa mace ɗaya hanyoyin jinya biyu, kowace da watanninta da kuɗinta da wahalarta. Yatsa ba ya iya wannan awo, don yana jin ƙullutun ne tare da fata da kitse da kumburin da ke kewaye da shi. Kuma bambancin da ke tsakanin matakan babba ne. A Amurka, inda ake riƙe da ƙididdiga da kyau, matan da aka gano ciwonsu bai fita daga nono ba, kusan 99 cikin 100 ba ya ɗauke su a cikin shekara biyar. Waɗanda ya riga ya tsallaka wasu gaɓoɓi, kusan ɗaya cikin uku ne ke kaiwa wannan wa'adi.

Da mamogiram ake farawa, wato hoton eksire na nono. Tun 1913 wani likitan tiyata a Jamus, Albert Salomon, ya ɗauki hoton nonuwa kimanin 3,000 da aka riga aka cire, ya nuna cewa sankara tana da kamanninta a hoto. Wajen 1950 kuma Raul Leborgne na ƙasar Uruguwai ya nuna amfanin matse nonon kafin a ɗauka, ya kuma ja hankali ga wasu ƙananan fararen ɗige-ɗige na alli da ke bin sawun ciwon. Har yau a kan waɗannan biyun aikin yake tsaye.

Rabin hoton yana hannun ma'aikaciyar da ke ɗauka. Kowane nono sau biyu ake ɗaukarsa, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a karkace daga wajen hammata. A na karkacen dole naman ƙirji ya fito a hoton har ya sauko daidai kan nono. In bai fito ba, to bayan nonon ya tsere, kuma sashen sama ta wajen hammata, inda sankara ta fi zama, shi ne ya fi saurin tserewa. Sai ta jawo naman da tafin hannu, ta sassauta kafaɗar matar, ta sauke faifan matsi a hankali, duk a jikin mace mai tsoro da kunya, wadda wataƙila ba ta taɓa buɗe ƙirjinta gaban baƙuwa ba. Kafin ma a kai nan za ka ji ta tambaya: “Hajiya, kin shafa hoda ko man hammata yau?” Dalili kuwa, burbushin hoda yana fitowa a hoto da kama irin ta ɗige-ɗigen allin nan, ya sa a zargi wurin da lafiyarsa ƙalau.

Wani zai ce, tunda an riga an san sankara ce, me ake nema kuma? Ana neman abin da yatsa bai ji ba. Ƙullutun da ake ji zai iya zama santimita ɗaya da rabi, amma ɗige-ɗigen alli sun bi hanyar ruwan nono sun miƙe har santimita 6. Wannan shi ke raba tsakanin a yanke ƙullutun a bar nonon, da a cire shi gaba ɗaya. Ana neman ƙullutu na biyu a wani ɓangaren. Ana kuma duba ɗaya nonon, wanda ba a kawo kuka a kansa ba, da irin natsuwar da aka duba mai ciwon.

Mamogiram yana da iyaka, kuma iyakar ta fi shafar matanmu. A hoton, kitse baƙi yake fitowa, naman da ke yin ruwan nono fari, sankara ma fara. A nonon dattijuwa, wanda kitse ya rinjaya, ciwon yana fitowa sarai. A nonon mace mai shekara 35 ko 40, balle mai shayarwa, neman ƙullutu kamar neman farin zare ne a tarin auduga. Mata da yawa da ke zuwa asibitocin Afirka ta Yamma da wannan ciwo kuwa ba su kai 50 ba. Shi ya sa sikanin, irin wanda masu juna biyu suka saba da shi, ya zama babban makami a wajenmu.

A ganina a sikanin gwanintar ta fi fitowa fili. Mamogiram hotuna ne da aka ɗauka aka ajiye, likita goma za su iya dubawa ɗaya bayan ɗaya, abin da na farko ya tsallake na biyu ya kama. A sikanin kuwa, wurin da hannun mai riƙe da kan na'urar bai bi ta kai ba, ba zai taɓa fitowa a hoto ba. Na'urar sauti take aikawa cikin nama, wanda kunne ba ya ji, ta karɓi amsa-kuwwarsa ta mayar da ita hoto nan take. Ido yana kan allo, hannu yana tafiya a jiki, kai yana haɗa siffar abin daga yanka-yankan da ke wucewa. Ƙullutu mara illa yakan kwanta bisa shimfiɗar nama, gefensa sumul. Mai illa yakan miƙe tsaye ya ratsa shimfiɗar, gefensa da tsini-tsini, ya jefa baƙar inuwa a bayansa. Gwani yana juya kan na'urar har ya sami inda ƙullutun ya fi tsawo, a nan zai auna. Sannan ya rubuta wurin da lissafin agogo, misali ƙarfe 10, santimita 4 daga kan nono, yadda duk likitan da ya zo bayansa zai sa hannu a wurin ba tare da lalube ba.

Daga nan sai ya ce matar ta ɗaga hannu ta ɗora a bayan kai, ya shiga hammata. Kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan jikin da ke fita daga nono ta kaluluwar hammata yake bi, don haka nan ne zangon farko na ciwon. Ƙwayoyin kaluluwar nan 20 ne ko fiye, kuma kullum suna nan, sai sun kumbura muke sanin da su. Lafiyayyar ƙwaya siffar ƙoda gare ta, tsakiyarta kitse ne mai haske, an kewaye shi da siririn ɓawo mai duhu. Sankara a ɓawon take fara sauka. Idan kaurinsa ya wuce milimita 3, ko ya yi tudu ta gefe ɗaya, an fara zargi. In ciwon ya ci gaba, sai ya ture kitsen tsakiyar gaba ɗaya, ƙwayar ta zama baƙa, zagayayya. Lura cewa girma kaɗai ba ya hukunci. Babbar ƙwaya mai siririn ɓawo lafiyarta ƙalau, ƙarama mai tudu a gefe kuma ita ce abin tsoro. Mai awon zai bi su hawa uku, ƙasa da wata ƙaramar tsoka ta ƙirji, bayanta, da samanta, sannan ya haura saman ƙashin da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa, ya dawo ya leƙa tsakanin haƙarƙari a gefen ƙashin tsakiyar ƙirji.

Wurin nan na saman ƙashin wuya yana da tarihi. A da, in ciwon ya kai kaluluwar wurin, mataki na huɗu ake rubutawa, wato an daina maganar warkewa. A 2002 kwamitin Amurka mai kula da ma'aunin ya mayar da shi mataki na uku, bayan an ga cewa matan da aka yi wa cikakken magani da yawansu suna daɗewa. Amma sai in a ɓangaren nonon mai ciwo take. In a hammatar ɗaya ɓangaren aka same shi, ma'aunin ya ɗauke shi a matsayin wanda ya yi nisa. Tazarar da ba ta fi ɗani ɗaya ba a jikin mace, ita ke sauya manufar jinyar dukkanta.

Zargi bai isa ba, sai allura ta tabbatar. Nan ma hannun likitan hoto ne. Kan na'urar a hannu ɗaya, allura a ɗayan, yana kallon tsininta a allo tana shiga. A nono yakan kwantar da ita ta bi shimfiɗar ƙirji don kada ta huda huhu. A hammata yakan kauce wa manyan jijiyoyin jini da ke kwance dab da kaluluwar, ya nufi daidai tudun nan na ɓawo wanda bai fi 'yan milimita ba. Idan za a fara da kemo, sai ya bar wata 'yar alama ta ƙarfe a tsakiyar ƙullutun. Hikimar ita ce, maganin yakan narkar da ƙullutu har ya ɓace daga hoto, amma duk da haka dole a yanke gurbinsa a gwada, kuma in babu alamar likitan tiyata ba zai san inda zai sa wuƙa ba.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan da hammata? Saboda kwashe kaluluwar gaba ɗaya yana da farashi. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa haka hannunta yakan kumbura, kumburin da kan zauna har ƙarshen rayuwa, ya hana daka da wanki da ɗaukar jika. A farkon shekarun 1990 David Krag da Armando Giuliano suka nuna a Amurka cewa ana iya gano ƙwayar farko da ruwan nonon ke zuba a ciki, a cire ita kaɗai a gwada, in tana da tsabta a bar sauran. Hoton hammata shi ke fara nuna wace mace ce ta dace da wannan sassauci.

MRI ya fi duk sauran gani a cikin nono. Mace za ta kwanta rub da ciki cikin wani babban maganaɗisu na kusan rabin awa ko fiye, a yi mata allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam. Sankara tana gina wa kanta sababbin jijiyoyin jini masu yoyo, don haka tana shan ruwan da sauri ta kuma sake shi da sauri, kuma wannan shiga da fitar ake karantawa. Yana da amfani sosai ga nau'in nan da ke farawa a jakunkunan ruwan nono, wanda ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, mai yaɗuwa a jere ƙwaya bayan ƙwaya ba tare da ya dunƙule ba. MRI ne kuma ke nuna ko ciwon ya tsaya a naman ƙirji ko ya kai haƙarƙari, kuma ma'aunin ya bambanta biyun. A wani bincike da aka buga a 2007, an yi wa mata 969 masu sabuwar sankara MRI na ɗaya nonon, wanda mamogiram da hannun likita suka ce lafiya, sai aka sami ciwon a jikin 30 daga cikinsu. Sai dai yawan gani ma yana da nasa sharri. MRI yana haska abubuwa da yawa marasa illa, kowanne kuma yana jawo wata allurar, wani jinkirin, wani lokaci har a cire nonon da za a iya bari. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2010, ya nuna yi wa kowa MRI bai rage yawan matan da ake komawa da su tiyata karo na biyu ba: kashi 19 cikin 100 ne ga waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Gwani ya san wadda zai tura da wadda zai ce ba ta buƙata.

Irin wannan hukuncin ne ke jiran sa a harafi na uku, wato M. Hankali zai ba mutum cewa duk wadda aka samu da sankara a duba ta daga kai har ƙafa. Likitoci sun gwada haka, suka ga a matakin farko, in matar ba ta da wani kuka, ba a samun ciwon a nesa ko a mace ɗaya cikin 100. Abin da ake samu da yawa shi ne tabo-tabo marasa illa, waɗanda kowane jiki ke tarawa, sai a shiga binsu ana ɓata makonni. Shi ya sa a 2012 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta sa wannan cikin abubuwa biyar da ta ce a daina yi. Wanda ya san yadda iyali ke sayar da akuya da buhun gero kafin su haɗa kuɗin hoto ɗaya zai gane darajar likitan da ya ce, “Wannan hoton ba ta buƙatarsa, ku riƙe kuɗin don magani.” Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shirinta na 2021, ta sa burin a gama duba mace da hoto da gwajin tsoka cikin kwana 60 daga zuwanta na farko.

Amma a wajenmu masu matakin farkon su ne tsiraru. Wani nazari da Elima Jedy-Agba, 'yar Najeriya, da abokan aikinta suka buga a 2016, wanda ya tattara bayanan mata sama da 24,000 daga ƙasashe 17 na kudu da Sahara, ya sami kashi 77 cikin 100 sun zo ne a mataki na uku ko na huɗu. Ga irin waɗannan, da duk mai ciwon baya da ya ƙi ji, ko tari, ko rama, duba sauran jiki wajibi ne. CT na ƙirji da ciki da ƙugu shi ne ginshiƙi, yana nuna huhu da hanta da ƙasusuwa cikin 'yan mintoci. Hoton ƙashi na nukiliya kuma allurar wani sinadari ake yi, tekinishiyam, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya duk awa 6. A jira awa biyu zuwa huɗu, sai ya taru a duk inda ƙashi ke ƙoƙarin gyara kansa. PET sukari ne ake liƙa wa alamar nukiliya, domin ƙwayoyin sankara sun fi na lafiya cin sukari, kamar yadda Otto Warburg ya lura tun shekarun 1920. Rabin ƙarfin wannan alama a minti 110 yake tafiya, don haka dole injin da ke yin ta ya kasance kusa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa PET ya yi ƙaranci a yankinmu. Sashen hoton nukiliya ma a wurare ƙalilan ake samu, irin su asibitin koyarwa na Ibadan, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da cibiyar da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Inda babu ko CT, likita ba ya naɗe hannu. Da hoton ƙirji, da sikanin hanta, da hoton ƙashin da ke ciwo, yakan fitar da amsar da za a iya aiki da ita. Haka ma mai juna biyu: a kare cikin a ɗauki ƙirji, a yi sikanin hanta, a guji gadoliniyam.

Yanzu ga inda aikin ya fi wuya, inda kuma nake ganin likitan da ya ƙware a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san abin da littafin Turai bai cika nanatawa ba. Hoto ba ya rubuta sunan cuta. Tabo yake nunawa, kuma cututtukanmu sun iya yin tabo irin na sankara. Tarin fuka ne kan gaba, ga shi Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya. Yana barin tabo a huhu, yana kumbura kaluluwar hammata, yana cin ƙashin baya, yana kuma shan sukarin PET kamar sankara. To, ta yaya ake rabewa? A huhu, tarin fuka ya fi son sama, yakan yi kogo, tsohon tabonsa kuma yakan yi alli ya yi fari tas. Sankarar da ta bi jini ta fi sauka ƙasa da gefe-gefe, zagayayya, manya da ƙanana a haɗe. A ƙashin baya, tarin fuka yakan lalata faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa biyu, ya ci gefen kowannensu, ya tara mugunya a gefe. Sankara kuwa takan ci ƙashin ta bar faifan yadda yake. A hoton ƙashi na nukiliya, tabo uku ko huɗu da suka jeru a layi ɗaya bisa haƙarƙari masu maƙwabtaka kusan kullum tsohuwar karaya ce, faɗuwa daga babur ko wani hatsari. Na sankara a warwatse suke, ba tsari. Mai sikila ma ƙashinta cike yake da tabon wuraren da jini ya taɓa toshewa. A hanta akwai wani dunƙulen jijiyoyin jini mara illa da mutane da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba. Alamarsa ita ce ruwan allurar CT yana fara taruwa a gefensa ɗigo-ɗigo, sannan ya cika zuwa tsakiya a hankali.

Wani lokaci ma kyan hoton ne abin tsoro. Idan sankara ta game ƙasusuwa ko'ina daidai wa daida, hoton nukiliya yakan fito tsaf, ba wani tabo da ya fi wani. Wanda bai goge ba zai rubuta lafiya. Gwani zai nemi ƙoda, domin ta nan ragowar sinadarin ke fita, ya kamata a gan ta. In ba ta fito ba, ƙasusuwa sun shanye sinadarin duka ke nan.

Kuskure a nan fuska biyu gare shi, kuma kowace tana da ciwo. In aka ɗauki tsohon tabon tarin fuka aka ce sankara ce, an rubuta wa mace mataki na huɗu, an janye mata tiyata da gashin sankara waɗanda za su iya warkar da ita, iyalinta su koma gida da ita suna jiran lokaci. In kuma aka tsallake tabon gaskiya a hanta, an yi mata babban aikin da ba zai tsayar da ciwon ba, an kashe kuɗin da ya kamata ya tafi ga maganin da ke bin jini. Saboda haka ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, tabo guda ɗaya da zai sauya mataki ba a yanke masa hukunci da ido, sai an kai masa allura in akwai hali. Kuma rahoton gwani yana faɗin iyakar abin da ya tabbatar. Zai rubuta cewa ga tabo mai milimita 4 a huhun dama, ya yi ƙanƙanta a yanke hukunci, a ci gaba da maganin warkarwa, a sake hoto bayan wata uku. Irin wannan jimla tana buƙatar ƙarfin zuciya fiye da a ce kawai ya yaɗu ko bai yaɗu ba.

Ba a kwana ɗaya ake samun wannan ido ba. Bayan shekara 6 na karatun likita da aikin gwaji da hidimar ƙasa, likitan hoto a Najeriya yakan ƙara wasu shekaru biyar ko shida yana samun horo a asibitin koyarwa, a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Masu ɗaukar hoton ma digiri suke yi, a jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri. Kuma maganarsa ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Tun 2018 ma'aunin Amurka ya ƙara halin ƙwayoyin ciwon a lissafin mataki, wato ko suna amsa wa sinadaran mata, ko suna ɗauke da wata alama mai suna HER2, da kuma irin saurin girmansu. Don haka a manyan asibitoci ake zama tare, likitan hoto da na ɗakin gwaji da na tiyata da na kemo da na gashi, a haska hoton a allo a yi ta jayayya a kansa har a tsaya a kan mataki ɗaya.

Akwai gudummawa ɗaya da majinyaciya da danginta za su iya bai wa wannan zama, wadda ba na'urar da za ta bayar, wato tsohon hoto da tsohon labari. Likitoci sun daɗe da sanin cewa dunƙulallen tabo a huhu wanda bai ƙara girma ba cikin shekara biyu, kusan tabbas ba sankara ba ne. Saboda haka in likita ya ce, “Hajiya, an taɓa yi miki hoton ƙirji? Kin taɓa shan maganin tari na wata shida? Kin taɓa karaya?”, a amsa masa dalla-dalla, a kuma koma gida a binciko ambulan ɗin ko faifan, ko da shekara uku ne da yin sa, ko da saboda wani ciwo daban aka ɗauka. In ya jera tsohon da sabon ya ga tabon yana nan yadda yake, ba sai an huda huhu da allura ba. Zai rubuta M0, wato ciwon bai tsallaka nesa ba, a sa mata ranar fara kemo da niyyar warkarwa.